Kofin Gwaggo Ludayi

Shekara goma sha bakwai na yi ina zaune bayan gilashi ina sauraren abinci. Ba ci na ce ba, saurare. Ni ne mai kula da sauti na shirin "Me Ke Kan Wuta?" a gidan rediyon gwamnati, shirin da ake yi kai tsaye kowace Asabar daga ƙarfe goma na safe zuwa sha ɗaya da rabi. Ka rufe min ido ka zuba albasa a mai, zan gaya maka ko ta yi ja ko da saura. Matata ta ce wannan baiwa ce da ba ta taɓa ƙosar da kowa ba, kuma ban yi mata musu ba.

Kicin ɗinmu tsohon ɗakin ajiyar faya-faye ne, aka fasa bango aka sa gilashi tsakanina da su. Akwai murhun gas mai kai biyu, da tebur guda, da wani ƙaramin obin na gashi wanda ƙofarsa ba ta rufuwa sai an tokare ta da kujera. Fanka kuwa ba a kunnawa, domin makirfo yana ɗaukar ƙararta, sai dai kowa ya yi ta sharce gumi.

Mai shirin ita ce Gwaggo Ludayi. Mace ce gajeruwa mai faɗi, murya kamar ta mutum uku, ta fara shirin tun ina sabon ma'aikaci. Ba ta yarda da takarda ba, ba ta yarda da agogo ba. Abin awonta ɗaya ne a duniya, wani kofin ƙarfe mai farin fenti da shuɗin baki, wanda take zuwa da shi a jakarta naɗe cikin tsumma. In ta cika shi da fulawa sai ta share saman da bayan cokali, ta ƙwanƙwasa gefensa sau uku, ƙwal, ƙwal, ƙwal, sannan ta juye. Masu saurare sun san wannan ƙarar fiye da kiɗan buɗe shirin.

Shekara biyu da suka wuce aka haɗa ta da abokin gabatarwa, wani dogon mutum da ya yi aiki a manyan otal, mai zuwa da farar hula doguwa ko da yake babu mai ganinsa sai ni da Gwaggo. Komai nasa da sikeli, har gishiri. A makon farko Gwaggo ta sa masa suna Malam Awo, sunan kuma ya bi shi har gida. Kullum cikin faɗa suke, mutane kuma faɗan suke kamo tashar su ji. Ya sha roƙonta ta ba shi kofin ya ɗora a sikeli, ita kuma ta sha gaya masa cewa ranar da ya taɓa shi, ranar zai san dalilin da ya sa ake ce mata Ludayi.

Wata Asabar, saura minti goma a rufe shiri, na haɗa wani kira. Muryar dattijo ce, a natse, kana ji ka san ya shirya abin da zai faɗa tun daga gida.

"Gwaggo, barka da aiki. Ni tela ne, tsoho. Ƙara na kawo."

"Ƙarar wa, Baba?"

"Ƙarar kek ɗinki na lemo."

Malam Awo ya gyara zama, baki har kunne.

Baba Tela ya ce shekara goma sha ɗaya da suka wuce mai ɗakinsa ta ji kek ɗin a wannan shirin, ta rubuta a littafinta. Tun daga nan, duk ranar da 'yarsu za ta dawo gida, daga makaranta ne ko daga gidan mijinta, sai ta yi shi. Bara waccan Allah ya yi wa matar rasuwa. Tun bayan rasuwar 'yar ba ta sake kwana a gidan ba. Takan zo ta tsaya a shago su gaisa, ta juya, ta ce in ta shiga ciki zuciyarta ba ta ɗauka.

"To yanzu ta ce za ta zo Lahadin sama, har ta kwana biyu," in ji shi. "So nake in ta shigo ta ji ƙanshin da ta saba ji. Sau tara ina gwadawa, Gwaggo. Gefe ya ƙone, tsakiya ruwa. Kajin maƙwabcina har sun gane ni, da na buɗe ƙofa sai su taho a guje."

Gwaggo ta yi masa ta'aziyya da murya mai taushi, irin wadda ban cika ji daga bakinta ba. Sannan ta ce ya karanto abin da ke littafin. Ya karanto: fulawa kofi biyu, suga rabin kofi, ƙwai shida, bota ƙunshi ɗaya, madara gwangwani ɗaya, ruwan lemo uku, bakin hoda ƙaramin cokali biyu.

"Daidai ne, ko ɗigo ba ta bari ba," in ji Gwaggo. "Baba, kana buɗe obin kana leƙe ko? Halinku ne maza, ba haƙuri."

"Ba na buɗewa. Kujera nake ja in zauna a gabansa."

"To ka ƙara wani abu da ka."

"Ni tela ne, Gwaggo. Abin da aka rubuta shi nake yankawa."

Malam Awo, wanda tun ɗazu yake ta lissafi a bayan takarda, ya matso kusa da makirfo. "Gwaggo, ƙwai shida da gwangwanin madara a kan fulawa kofi biyu, ai wannan abin sha ne. Ni dai kofin nan naki..."

"Kai, ɗan nan, fita harkar kofina! Kofi ai kofi ne. Shekara goma sha ɗaya, wa ya taɓa kawo ƙara?"

Ta juya ga makirfo ta ce wa Baba Tela ya zo Asabar mai zuwa da kayansa duka, kwano da cokali da kofi da littafi, kada ya bar komai, ya yi kek ɗin a gabanta, ƙasa duka tana ji. In bai yi ba, ta ce, ta ajiye ludayi. Ni kuwa na saki kiɗan rufewa da sauri kafin ta yi alkawarin da ya fi wannan.

Gaskiya makon nan ban ji daɗinsa ba. Ba don Gwaggo ba, ita ko sau goma ta ajiye ludayi za ta ɗauka. Tsohon nake tunani. Asabar ce damarsa ta ƙarshe, washegari 'yar za ta iso, kuma na ji a muryarsa cewa ba kek kawai yake son ya gyaru ba.

Ranar Asabar tun tara da rabi ya iso, siriri, tsaf da shi, rigarsa ta sha guga, tef ɗin awo rataye a wuya don mantuwa. Ya rungumo kwali kamar mai ɗauke da jariri. Ya jera kayansa a tebur ɗaya bayan ɗaya, sannan ya koma kan benci a kusurwa ya fito da filas da kofin shayinsa, ya ce a yi masa haƙuri, fargaba ta hana shi karyawa. Ban kula da kofin ba, ina can ina fama da wata waya da ɓera ya ɗanɗana.

Jar fitila ta kama, Gwaggo ta gaida masu saurare, ta gabatar da baƙo. Aka fasa ƙwai, aka matse lemo, komai lafiya. Sai ta ce, "To Baba, fulawa kofi biyu. Auna mu gani."

Baba Tela ya sa hannu a kwali ya fito da wani ɗan kofin tangaran mai zanen furanni, irin na jere a kabad, wanda ake fitowa da shi in an yi manyan baƙi.

"Wannan fa?" in ji Gwaggo.

"Kofi. Shi ne mafi kyau a kayanta, na ce ai da shi za ta riƙa yi."

Gwaggo ta zaro nata daga tsumma ta ajiye kusa da nasa. Sai ka ce uwa da ɗanta. Ta dubi wannan, ta dubi wancan.

A aikin rediyo babu laifin da ya kai shiru. Daƙiƙa uku in ta wuce ba magana, shugaban sashe zai kira ya tambayi wanda ya mutu. Ranar na ƙirga daƙiƙa tara. Ina ta ɗaga musu hannu ta gilashi kamar mai korar ƙuda, ba wanda ya kalle ni.

Malam Awo ne ya cece mu. "Masu saurare, ba mu tafi ba," ya ce, murya tana rawa don danne dariya. "Gwaggo ce ta ga kofin mutane yau, karo na farko." Ya miƙa hannu a hankali, irin na mai son shafa kyanwar da ba ta san shi ba. "Gwaggo, in taɓa?"

Ta tura masa kofin da yatsa ɗaya.

Ya cika na tangaran da fulawa ya juye a nata. Ya sake cikawa ya juye. Sai da ya ƙara rabi sannan ya kai baki. "Biyu da rabi," ya sanar wa duniya. "Kofin Gwaggo ɗaya, naku biyu da rabi. Shekara biyu ina faɗa ana ce min ɗan boko."

Gwaggo ta zauna daɓas a kan kujerar da muke tokare obin. "Shekara goma sha bakwai," ta ce. "Ina cewa kofi, ina ganinsa a hannuna, na ɗauka kowa yana gani. Wayyo ni, ashe na ɓata wa mata fulawa a ƙasar nan! Injiniya, kai ma kana kallo ba ka ce komai ba?"

Na danna maɓallin da ke kai maganata kunnensu su kaɗai, na ce ni an ɗauke ni aikin ji ne, ba na gani ba. Amma a raina kunya ta kama ni, domin kowace Asabar kofin nan yana gabana, har ruwa na taɓa sha da shi a ɓoye na kasa shanyewa.

Kafin ka ce me, duk layukan waya sun kama wuta. Na haɗa na farko, wata mata tana dariya har da tari. "Gwaggo, kwantar da hankalinki, ai mun daɗe da ganewa! Sau ɗaya na yi asara, daga nan in kin ce ɗaya sai in zuba biyu in ƙara da ido." Ta biyu ta ce a unguwarsu in mai awo ya cika wa mutum mudu har ya yi tozo, sai a ce ya yi masa kofin Gwaggo. Wani mai gidan burodi ya ce shi ya ɗauka da gangan take yi, don ta ware masu hankali. Gwaggo tana ji, tana share ido da gefen mayafi, tana dariya tana cewa Allah ya shirye su, su duka munafukai ne da ba su gaya mata ba.

Kowa ya sake, ban da Baba Tela. Yana tsaye yana jujjuya littafin.

"To na ji," ya ce. "Amma ita ba ta rubuta biyu da rabi ba. Kofi biyu ta rubuta, kuma nata yana yin kyau. Ba ta ƙara komai da ido, na san halinta, matar tela ce. Da me take aunawa?"

Malam Awo ya ce wannan mai sauƙi ne, zai rubuta masa a giram. Baba Tela ya ce ba shi da sikeli. Gwaggo ta ce ya auna biyar da ƙaramin kofin, shi ke nan. Ya ce to, ya gode. Amma ya koma benci ya zauna, ya ɗauki shayinsa da ya huce, kana ganinsa ka san an ba shi amsa ne ba wadda ya zo nema ba. Ya juya shayin da cokali, ya ƙwanƙwasa cokalin a bakin kofin don ya ɗige.

Ƙwal, ƙwal.

Na ɗago kai da sauri. Kofin Gwaggo yana kan tebur, ba mai taɓa shi, hannayenta biyu suna kan cinyarta. Amma abin da ya shigo kunnena ƙarar kofinta ce, wadda na daidaita wa sauti sau ɗari takwas da wani abu. Ba za ta ɓace min ba ko a cikin kasuwa.

Dokar aikinmu ita ce mai sauti ba ya magana a cikin shiri masu saurare su ji. Na karya ta. "Baba, don Allah sake buga kofin nan."

Ya dube ni ta gilashi, ya buga. Na ce wa Gwaggo ta buga nata. Ta buga. Ko ni da na'ura a kunne ban iya raba su ba.

Sai a lokacin muka kalli kofin shayinsa da kyau. Na ƙarfe ne, fentinsa ya koma ruwan ƙasa don tsufa da shayi, shuɗin bakin ya kusa gogewa, amma tsayi da faɗi, har hannun, duk ɗaya ne da na Gwaggo. Malam Awo ya karɓa, ya juye shayin a kwano ba tare da neman izini ba, ya goge, ya zuba fulawar da ke kofin Gwaggo a ciki. Ta tsaya cif a baki.

"Akwai wani zane a ciki, daidai tsakiya," in ji Malam Awo. "Kamar an karta da wuƙa."

"Rabin kofi," in ji Gwaggo a hankali. "Na suga."

Baba Tela ya karɓi kofin da hannu biyu. Ya daɗe yana kallonsa.

"Har faɗa na yi mata a kan zanen nan," ya ce. "Na ce ta ɓata min kofi wajen wanki, ta ce in yi haƙuri." Ya yi 'yar dariya. "Wata Asabar na shigo daga shago na same ta ta jera duk kofunan gidan a ƙasa, rediyo yana gefe, tana bi tana ƙwanƙwasa su da cokali ɗaya bayan ɗaya. Na ce, ke kuma makaɗiya kika koma? Ta ce in wuce abina. Kuma duk ranar da yarinyar nan za ta dawo, sai in nemi kofina in rasa. Ta ce yana cikin wanke-wanke, ta ba ni shayi a ƙarami, in sha ina mita."

"Da kunne ta gano shi," na ce, na manta har yanzu maɓallina a danne yake.

"Sau tara," in ji Baba Tela. "Sau tara ina tsaye a kan kek ɗin da ya lalace, ina shan shayi da wannan kofin, ina cewa ina ma tana nan in tambaye ta."

Muryarsa ta karye a nan. Gwaggo ta tashi, ta ja shi gaban tebur da hannun riga, ta ce, "Baba, kuka a bari sai an sa a wuta. Auna." Ita kanta hawaye take yi, ba ta ma ɓoye ba.

Ya auna biyu da kofinsa, ya share saman da bayan cokali. Ya zuba suga zuwa kan zanen. Kwaɓin ya yi kauri, yana bin cokali a hankali, ni kuma ina jin sa a kunnena na san ya yi. Aka sa a obin, aka tokare da kujera, Baba Tela ya zauna a kanta da kansa. Minti arba'in da biyar Gwaggo da Malam Awo suka cika da faɗa a kan ko laifinta ne ko na masana'antar da ta daina yin kofunan kirki. Da aka buɗe, kek ya taso ya yi ja, tsakiyarsa ta ɗan tsage. Ƙanshin lemo ya bi ta ƙarƙashin ƙofa har ɗakin labarai, sai ga masu karanta labarai biyu sun zo wai duba agogonmu.

Baba Tela ya gutsuri kaɗan ya sa a baki. Bai ce ya yi daɗi ba. Ya gyaɗa kai kawai ya ce, "Shi ne." Sannan ya bar mana shi duka, ya ce na gobe a gida zai yi, don ƙanshin ya kama ɗakuna.

Asabar ta gaba Gwaggo ta buɗe shiri da sabuwar doka. Duk sanda ta ce kofi, sai ta ƙara da cewa, "nawa, ba naku ba," Malam Awo kuma ya faɗi giram da muryar wanda ya ci zaɓe. Wajen ƙarfe sha ɗaya na ga lambar da nake jira, na haɗa ba tare da na tambayi kowa ba.

"Baba, yaya aka yi?" in ji Gwaggo, ko gaisuwa babu.

"Ta zo," ya ce. "Ta tsaya a ƙofar falo da jakarta a hannu, ta daɗe ba ta shiga ba, ba ta fita ba. Sai ta ce, Baba, wa ya yi? Na ce ni. Ta ce ƙarya ne. Ta ci yanka uku a tsaye, muka yi kukanmu, muka yi dariya. Kwana biyu ta ce za ta yi, yau kwananta shida, ga ta nan tana jin ku."

"Alhamdu lillahi! To a ba ta littafin ta kwafa."

"Ta kwafa. Har kofin ta ce in ba ta ta tafi da shi, na ce a'a, wannan ba ya fita daga gidan nan, mai son kek ya zo ya ci a nan. Ta ce to ƙarshen wata za ta dawo."

Daga bayansa muka ji muryar mace tana cewa, "Baba, ga shayinka." Sai ƙarar ɗan kofin tangaran a kan faranti, siririya, ta shigo kunnena.

"Ji fa, Gwaggo," in ji shi. "A ƙarami ta kawo min. Wai babban yana cikin wanke-wanke."